BABI NA HUƊU: TARKEN JARRABAWAR BAI-ƊAYA DA MAKIN SHIGA NA JIHAR KEBBI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin shigowar ilimin boko ƙasashen Gwandu da Argungu. Wannan babi zai yi tarken jarrabawar da hukumar NECO take shirya wa 'yan aji shida na firamare masu neman shiga kwalejojin haɗin kan ƙasa na Gwamnatin Tarayya. Manufa ita ce a duba ko wannan jarrabawa da tsarin rabon guraben da ke biye da ita sun yi adalci ga yaron da ya tashi a gari irin Ambursa, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kebbi a kan hanyar zuwa Argungu.

4.1 Makin Shiga na Shekarar 2013

A shekarar 2013 jaridun ƙasar nan sun buga jerin mafi ƙarancin makin da aka yanka wa kowace jiha domin shiga waɗannan kwalejoji, waɗanda a lokacin guda 104 ne. Daga cikin maki 200, an nemi ɗan Jihar Anambara ya kawo 139, na Imo 138, na Legas 133. Ɗan Jihar Kebbi kuwa maki 9 aka nema gare shi idan namiji ne, 20 idan mace ce. A Sakkwato 9 ne da 13, a Zamfara 4 da 2, a Yobe 2 da 27.

Wannan jeri ya jawo ka-ce-na-ce. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, inda a 2014 Mai Shari'a John Tsoho ya yanke hukuncin cewa bambanta yara bisa ga jihar asalinsu ya saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana nuna wariya. Ba wannan ne karo na farko ba, domin shari'ar Badejo, wadda ta kai Kotun Ƙoli a 1996, a kan irin wannan ƙorafi ta samo asali. Masu kare tsarin su ma da Tsarin Mulki suke kafa hujja, wato sashe na 14(3) da ya yi tanadin damawa da kowane ɓangare na ƙasa. Daga baya Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta riƙa bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na gurabe na cancanta ne, 30 na daidaito tsakanin jihohi, 10 kuma na wasu larurori.

A ganin mai wannan nazari, ɓangarorin biyu sun ɗora wa lambar 9 kayan da ba nata ba. Masu suka sun ɗauke ta a matsayin ma'aunin ƙwaƙwalwar 'ya'yan Kebbi, masu kariya kuma sun ɗauke ta a matsayin tallafi ga talakan Kebbi. Akwai dalilai biyu a cikin jerin kansa da suka rushe fahimta ta farko. Jarrabawar ta zaɓen amsa ce daga cikin amsoshin da aka jera. Idan aka ƙaddara kowace tambaya maki ɗaya gare ta, kuma amsoshi biyar ne a ƙarƙashinta, to yaron da bai karanta ko kalma ɗaya ba, ya bi takarda yana shafa baƙi da kintace, ana sa ran ya tashi da kimanin 40 cikin 200. Ke nan maki 9 bai ko kai rabon mai kintace ba, balle a ce ya auna wani sani. Sa'an nan kuma, in da lambar ƙwazo take nunawa, da sai a ce 'yan matan Yobe sun ninka mazansu fiye da sau goma sha uku, alhali a Zamfara maza ne suka ninka mata. Babu mai hankalin da zai yarda da haka. Abin da lambar take nunawa shi ne inda layi ya tsaya bayan an cike guraben jiha da 'yan takarar da ake da su. Idan gurabe sun yi yawa, masu nema kaɗan, dole layin ya gangaro har ƙasa.

4.2 Su Wane ne Suke Zama Jarrabawar?

Nan ne gizo yake saƙar. A watan Afrilu na 2018 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta koka cewa cikin yara 71,294 da suka yi rajista zuwa lokacin, Legas tana da 24,465, Kebbi kuwa 50 kacal, Zamfara 28. A 2022 Kebbi ce ta zo ƙarshe a duk faɗin ƙasa da yara 74. Jiha ce mai ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma a cikinta akwai irin waɗannan kwalejoji a Birnin Yawuri da Gwandu da Zuru. Idan aka raba 74 ga ƙananan hukumomi 21, kowace ba ta samu yara huɗu cikakku ba.

Tambayar da masu kare tsarin ba su cika son a yi ba ita ce, 'ya'yan wa ke cikin wannan adadi? Kafin yaro ya zauna a ɗakin jarrabawa sai an samu wanda ya san da zamanta, ya san lokacin rajista, ya biya kuɗi, ya je shagon kwamfuta aka cike takarda ta intanet, ya kai yaron cibiya ranar jarrabawa, kuma yana da halin yi masa sayayyar makarantar kwana idan ya ci. Wanda ya fi kusa da cika waɗannan sharuɗɗa shi ne ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa mazaunin Birnin Kebbi, ko ma mazaunin Abuja da Kaduna da Legas, tunda jihar asali ake dubawa, ba jihar da yaro ya yi karatu ba. Yaron da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi a can, bai taɓa taka fadamar Rima ba, yana iya shiga da sassaucin da aka yi da sunan ɗan manomin Ambursa. Shi kuwa ɗan manomin ko da an sauke makin zuwa sifiri ba abin da ya ƙaru da shi, domin sunansa bai shiga rajista ba. Tsarin ya daidaita tsakanin jihohi, amma ya kau da kai daga giɓin da ke cikin jiha ɗaya, wanda a nan shi ne mafi faɗi.

Ba za a manta da matsalar tsaro ba. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, kuma wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka kuɓuta. Uban da ya ƙi yi wa 'yarsa rajistar makarantar kwana bayan wannan, bai kamata a lissafa shi cikin masu ƙyamar boko ba. Amma alƙaluman 2018 sun nuna ƙarancin masu nema ya girmi wannan musiba.

4.3 Abin da Takardar Take Aunawa

Masu goyon bayan jarrabawar bai-ɗaya suna cewa tambaya ɗaya ce ga kowa, lokaci ɗaya ne, kuma na'ura ce ke duba amsa, saboda haka babu sani babu sabo. Wannan gaskiya ne, kuma mai nazari bai raina shi ba. A ƙasar da alfarma take da ƙarfi, duk abin da za a sa a madadin jarrabawa, kamar shaidar hedimasta ko wasiƙar wani babba, ɗan talaka zai fi cutuwa da shi. Sai dai daidaiton mudu daban, abin da aka zuba cikinsa daban.

Dukkan takardun da Ingilishi ake rubuta su. Akwai lissafi da kimiyya da Ingilishi da nazarin zamantakewa, da kuma gwajin kaifin basira ta fuskar lambobi da ta fuskar kalmomi. Yaron Ambursa yana iya sanin ko tiya nawa ke cikin buhu, ya kuma ƙidaya canjin talla ba tare da kuskure ba, amma idan aka naɗe masa wannan lissafi cikin jimlar Ingilishi mai layi uku, a jimlar zai faɗi tun kafin ya iso ga lambobi. Sakamako kuma zai fito a ce bai iya lissafi ba. Gwajin basira ta kalmomi ya fi muni, domin sunansa yana nuna baiwa yake aunawa, alhali yawan kalmomin Ingilishin da yaro ya ji a gida da makaranta yake ƙirgawa. Ko a takardar Hausa ta kammala sakandare ɗan wannan yanki yana da nasa hawan, don kuwa shi “shina” da “mi” da “wanga” da “hwari” ya tashi yana faɗa, ana kuma buƙatar ya rubuta “yana” da “me” da “wannan” da “fari” bisa daidaitacciyar Hausa wadda ta fi kusa da karin Kano.

Wannan bambanci yana da tarihi. An buɗe makarantar sakandare ta 'yan mishan a Legas tun 1859, ita kuwa makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano sai 1909, Kwalejin Katsina kuma sai farkon shekarun 1920. Gidan da kaka da uba suka yi boko ba daidai yake da gidan da yaro ne na farko ba. Wannan ba ya nufin ƙasar Gwandu, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mata ɗimbin littattafai, baƙuwa ce ga karatu. Yaron da ke karanta allo da ajami mai karatu ne, illa dai takardar NECO ba ta da gurbin da za ta shaida hakan.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan ko gida ne ko makaranta ke haifar da irin wannan giɓi. Rahoton Coleman (1966) a Amurka ya rinjayar da gida, wato halin iyaye da iliminsu. Heyneman da Loxley (1983) da suka kwatanta ƙasashe 29 sun gano cewa a ƙasashe matalauta ingancin makaranta da na malami ya fi tasiri fiye da yadda yake a ƙasashe masu arziki. Ra'ayi na biyu ya fi dacewa da Ambursa. Inda babu littafi ko mai jin Ingilishi a gida, aji ne kaɗai wurin da yaro zai sami abin da za a tambaye shi, saboda haka duk ranar da malami bai zo ba, ko yaro yana fadama korar tsuntsaye a shinkafar rani, ko ambaliya ta ci gari kamar yadda aka gani a kwarin Rima a 2010 da 2020, babu mai biya masa abin da ya wuce shi. Aji shida a takarda ba lallai ne ya zama shekara shida ta karatu ba. Abin lura ne cewa an ƙaddamar da shirin UPE a 1976, a Sakkwato kuma aka ƙaddamar da UBE a 1999, duk a lokacin da ake alƙawarin ilimin firamare ga kowa, amma a 2022 jihar da aka cire daga Sakkwato a 1991 ba ta iya kawo yara ɗari ba.

4.4 Amfani da Sakamako Wajen Yanke Hukunci

Haɗarin jarrabawar da ba a fahimci abin da take aunawa ba shi ne a gina manufa a kanta. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa ga Ingilishi, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Wannan hujja tana da rauni. Yaran da suka shiga aji ɗaya bayan manufar 2022 ba su ko gama firamare ba a lokacin sanarwar, balle su zauna waɗancan jarrabawoyi. Haka kuma malamin da ke fassara littafin Ingilishi da baki saboda yara ba su gane ba, ba shi ne koyarwa da harshen uwa ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da Yarabanci shekara shida tare da littattafai da horarrun malamai, ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a darasin Ingilishi.

Wata matsalar ita ce yadda ake sanar da alƙaluma jiha-jiha. Ko da an sauko da su zuwa ƙananan hukumomi, Ambursa za ta ɓace cikin lissafin Birnin Kebbi, a haɗa ta da makarantun kuɗi na babban birnin jiha. Sai an fitar da adadin masu rajista da sakamakonsu makaranta-makaranta, tare da nuna inda kowane ɗan takara ya yi firamare, kafin a san ko guraben da aka ware wa Jihar Kebbi sun taɓa isa ga firamaren gwamnati ta ƙauye.