Amshi a Aji: Nazarin Koyarwar "Ku Maimaita" a Ƙasar Zuru

Wanda duk ya bi ta bayan makarantar furamare da hantsi, a Zuru ne ko a Ribah ko a Mahuta, kunnensa ne zai fara gaya masa ana karatu. Malam ya ja, yara su amshe baki ɗaya. Ya sake ja, su sake amshewa, har ƙarar ta ƙetare katanga ta shiga gidajen unguwa. Iyaye na son jin wannan ƙara. Hedimasta ma yana so, domin ajin da ya yi tsit shi ake leƙawa a ga ko malaminsa ya zo. Malamai kan ce wa yara "ku maimaita" ko "ku faɗa bayana". Ni amshi nake kiran abin, saboda aikin yaran bai wuce na 'yan amshin makaɗi ba: wani ne ke ɗora waƙar, nasu su karɓa a kan kari, kuma ba mai tsayar da su ya tambaye su ma'anarta.

Kafin a tuhumi dabarar, a ba ta haƙƙinta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a furamare, amma malamin makarantar gwamnati a cikin gari ya san ajin da ya ninka haka, benci bai isa ba, littafin karatu kuwa sai na hannunsa. Mutumin da ba shi da komai sai alli da baƙin allo da maƙogwaro, ta ina zai kai ga yaro na sittin in ba ta amshi ba? Kuma akwai karatun da ya kamata baki ya saba da shi tun kafin hankali ya kama: jerin baƙaƙe, biyu sau biyu huɗu, watannin shekara, furucin baƙuwar kalma. Yarinya mai kunya, wadda ba za ta taɓa ɗaga hannu ba, tana samun damar gwada harshenta cikin taron murya ba tare da an yi mata dariya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarshen darasi, sa'ad da malam ya juyo ya ce "Kun gane?", aji ya ɗauka da "E, mun gane!" Wannan ma amshi ne. A ɗauki darasin karatun Turanci a aji uku. Malama ta rubuta jimla huɗu a allo, tana bin kalmomin da sanda, aji na faɗa. In ka kasa kunne da kyau, murya biyu za ka ji: ta yara biyar ko shida na bencin gaba waɗanda idonsu ke kan allo, da ta sauran da ke biyo su da ɗan jinkirin da bai kai numfashi guda ba. Waɗannan na biyun bakin na gaba suke karantawa. Kafin a zagaya sau huɗu sun haddace, jinkirin ya ɓace, murya ta haɗe. Gwajin ba shi da wuya. A ta da yaro ɗaya daga baya, a ɗora sanda a kan kalmar ƙarshe ta jimla ta uku. Sau da yawa abin da zai fito daga bakinsa shi ne kalmar farko ta jimlar farko, don daga nan ne waƙar take tashi. Bayan amshin sai a ce a kwafa. Yaro ya zana abin da ke allo baƙi-baƙi, kansa na sama yana ƙasa, malama ta bi da jan biro ta sa maki. Littafi ya cika, zango ya ƙare, an ciyar da kowa gaba zuwa aji huɗu. Bulala kuma tana ƙara ɗaure abin, domin yaron da ya san amsar kuskure na jawo masa tsumagiya ya daɗe da gane cewa babu mafakar da ta fi tsakiyar murya.

An sha ɗora laifin wannan ɗabi'a a kan makarantar allo, wai daga can muka gaji hadda ba fahimta. Mai faɗin haka daga nesa ya ji hayaniyar makarantar allo, bai zauna cikinta ba. A can kowane yaro da allonsa, kuma abin da ke kan allon wannan ba shi ne a na wancan ba: wani yana babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani ya yi nisa cikin izu. Hayaniyar da ake ji muryoyi ne barkatai, kowa na tilawar nasa. Ba a wanke allo sai yaro ya durƙusa gaban malam ko gardi ya biya shi kaɗai. In ya yi tuntuɓe a mayar da shi ya sake, in ya kawo a yi masa ƙari. Ana iya sukar makarantar allo ta wasu fuskoki, amma ba ta ciyar da ɗalibi gaba da muryar maƙwabcinsa. Ajin boko ya ɗauki ƙarar, ya bar biyawar.

Tushen amshin boko yana cikin tarihin bokon kansa. Ƙasar Zuru ba ta cikin wuraren da aka yi ta jan mutane zuwa makaranta da lallashi. 'Yan mishan sun zauna a nan tun cikin shekarun 1920, kuma yankin da ya fitar da janar-janar irin su Sani Sami da Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba ya san amfanin takarda. Sai dai makarantun farko, na mishan da na En'e, duk cikin ƙarancin littattafai suka tashi. Abin da ya kafa dabarar daram shi ne shirin ilimin furamare kyauta na 1976, lokacin da yara suka kwararo fiye da lissafin gwamnati, aka riƙa ɗaukar malamai da ɗan gajeren horo. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don cike giɓin. Yaran da aka koyar da amshi a wancan zamani su ne suka koyar da malaman yau. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu zai haddace sunayen dabarun koyarwa ya ci jarrabawar NCE, amma ranar da ya tsaya gaban cikakken aji a gwajin koyarwa, malaminsa na furamare ne ke dawowa bakinsa.

Harshe ne ya sa abin ya fi tsanani a masarautar Zuru. Baƙo kan ɗauka ko'ina a Kebbi ƙasar Hausa ce, tunda kowa na ciniki da Hausa a kasuwa. Amma a ƙauyukan Dabai da Senchi da Ribah yaro da C'lela ya tashi, harshen Lelna waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. A Fakai akwai Fakkawa da danginsu masu nasu harshe, a Sakaba akwai Kambari da Acipawa, ga Dukkawa, ga Fulani. A cikin garin Zuru Hausa ta zama harshen wasan yara da yawa, har wasu ba su riƙe na iyayensu sosai ba. A ƙauye kuwa ana samun ɗan aji ɗaya da Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da aike ba. Ko a rubuce ba a tashi ɗaya ba, don C'lela na da wasula 8, Hausa 5. Yaron da ya girma tsakanin harsuna kunnensa a buɗe yake, yana kama sauti ya mayar da shi daidai. Baiwa ce, amma ita ce ke rufa wa amshi asiri: furucinsa ya yi kyau, sai malam ya ɗauka ya gane.

Tun 1977 manufar ilimi ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankinsa, daga baya a koma Turanci. A aikace harshen yanki a nan Hausa ake nufi, tunda ita ke da littattafai. C'lela an rubuta shi, har ƙamus gare shi, amma bai samu cikakken jerin littattafan lissafi da kimiyya na furamare ba. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ce harshen uwa har shekara shida, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci tun daga farko. Masu kare harshen uwa na kafa hujja da gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza ba har a Turancin. Hujja ce mai nauyi, sai dai a Ife harshe ɗaya ne, kuma an tanadi littattafai da malamai. Duk wannan kai-komo bai canza abin da malamin Dirin Daji ke yi ranar Litinin ba: ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, in ya ga yara sun yi tsuru-tsuru ya sa wani ya juya musu da harshen gida. A ganina wannan tafintanci shi ne abu mafi kyau da ke faruwa a ajin, amma malamai na yin sa a ɓoye, su bari da zarar sun hangi mai duba makarantu. Umarnin Turanci zalla, ga malamin da ba shi da littafi, amshi zai ƙara, domin harshen da yaro ba ya ji babu abin da zai iya yi da shi sai maimaitawa.

Dabaru biyu sun shigo arewa da nufin karya wannan. Shirin "Mu Karanta!" da aka yi a Sakkwato da Bauchi ya ɗora darasi a kan mataki uku: malam ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi da kansa. Na ukun shi ne zuciyar abin, kuma shi ake tsallakewa in lokaci ya ƙure. Ɗayar daga Indiya ta zo, daga ƙungiyar Pratham, kuma Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2019, suna cikin masanan da suka auna ta. Ana zaunar da yaro shi kaɗai a miƙa masa takarda: zai iya karanta baƙi? Kalma? Gajeren sakin layi? Labari? Inda ya tsaya nan ne rukuninsa, ko ɗan aji nawa ne, kuma ba ya barin rukunin sai ya kawo. An gwada ta a Borno da Kano. Wanda ya taɓa riƙe allo ba zai ga baƙon abu a ciki ba.

Rashin tsaro ya ƙara matso da buƙatar irin wannan gwaji. Iyalan da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba sun shigo garuruwa da yaran da karatunsu ya yanke, kuma sace 'yan mata 25 daga makarantar sakandaren Maga ranar 17 ga Nuwamba 2025 ya nuna makarantar kanta ba ta tsira ba. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ya yi shekara biyu bai ga allo ba, in aka dubi tsawonsa aka zaunar da shi a aji biyar, amshi zai haɗiye shi cikin mako guda, ba wanda zai san bai iya haɗa baƙi ba.

Gwamnan Kebbi, Nasir Idris, malami ne, ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, saboda haka ya san abin da mai duba makarantu ke tambaya in ya zo: rajista, shirin darasi, kundin aikin mako. Duk takarda ce, malami kuwa abin da ake dubawa shi yake gyarawa. Da mai dubawa zai ajiye kundin ya kira yara uku daga bencin baya su karanta masa, da darasi ya canza kama. Lissafin ma mai yiwuwa ne. A aji mai yara 60, in malam ya saurari biyar kullum, minti biyu-biyu, sauran na karatu bibbiyu ko suna rubutu, cikin kwana 12 na makaranta ya ji muryar kowa shi kaɗai, a zango mai mako 13 ya zagaya sau biyar. Minti goma ke nan daga darasin minti 35. Farashinsa shi ne manhajar zangon ba za ta ƙare ba, kuma a kan ƙare manhaja ne hedimasta ke sa hannu ranar Juma'a.