Hankakan Poe: Tsoron da ba ya buƙatar aljani

Ni dai ɗan kallo ne. Da fim na saba, sai littattafan soyayya. Saboda haka da wani abokina ya miƙo min waƙar "The Raven" ta Edgar Allan Poe, ya ce in karanta zan ji tsoro, dariya na yi. Waƙa kuma? Ba jini, ba kiɗan faɗuwar gaba, ta ina tsoron zai fito?

Poe Ba'amurke ne, an haife shi a 1809, ya rasu a 1849. Waƙar ta fito a watan Janairun 1845, baiti 18 ce, kowane baiti ɗango shida. Labarin bai da yawa. Wani saurayi ne zaune a ɗakinsa da tsakar dare a watan Disamba, yana jimamin rasuwar masoyiyarsa Lenore. Sai ya ji ƙwanƙwasa. Da ya buɗe taga, hankaka ya shigo ya hau kan wani gunki da ke saman ƙofa. Hankakan nasu baƙi ne wuluk, ba irin namu mai farin ƙirji ba.

Tsuntsun kalma ɗaya tak ya iya, mai nufin "ba za a sake ba har abada", ita ce kuma ta zama kamar amshin waƙar. To a nan gizo ke saƙar. Saurayin ya gane cewa amsar ba ta canzawa, amma bai yi shiru ba. Da farko cikin raha ya tambayi sunan tsuntsun. Daga baya ya tambaya ko zai samu sauƙin baƙin cikinsa. Can kuma ya tambaya ko zai sake haɗuwa da Lenore a Aljanna. Jama'a, ya san abin da za a ce masa! Shi yake zaɓo tambayar da za ta fi yi masa ciwo. Hankakan bai cije shi ba, bai rikiɗa ba, zamansa kawai ya yi. Wallahi a nan tsigar jikina ta tashi, domin na tuna irin tambayoyin da na riƙa yi wa kaina bayan wani rashi da aka yi mana. Shi ma Poe, lokacin da ya rubuta ta matarsa Virginia na fama da tarin fuka, wanda ya yi ajalinta a 1847.

Ba zan ɓoye ba, Turancin tsoho ne, sai da ƙamus a gefe, kuma a wasu wuraren ka ji kamar an jawo kalma ne don dai amsa-amo ya faɗa daidai. Kada kuma a nemi waƙar a fim ɗin Roger Corman na 1963 mai wannan suna, shi barkwanci ya mayar da ita.

Kira na ga marubutanmu da daraktoci shi ne, ba sai an shafa wa ɗan wasa gawayi an sa shi ihu a maƙabarta ba. Ɗaki ɗaya, mutum ɗaya da rashin da ya kasa haƙura da shi sun isa su hana mai kallo barci.