Gwanintar Gano Tozo Biyu a Cikin Alƙaluma

A ce malamin gona ya zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi bayan girbin masara, ya rubuta abin da kowa ya samu. Rabin manoman buhu 10 a hekta, rabi buhu 30. Matsakaici zai nuna 20, adadin da ba wanda ya kai gida.

Gwanin ƙididdiga ba ya tsayawa nan. Yakan zana alƙaluman da sanduna ya duba siffarsu: tozo ɗaya ne ko biyu? In biyu ne, to manoma iri biyu ne suka cakuɗu. Wataƙila wasu sun samu taki da ingantaccen iri na SAMMAZ daga Samaru, wasu kuma wuta-wuta ta cinye musu gona. Ka ga shawara ɗaya ba za ta yi musu ba.

Wannan fasaha ta daɗe. A 1894 masanin ƙididdiga Karl Pearson ya duba awon kaguwa 1,000 daga gaɓar Naples a Italiya, ya raba su gida biyu da lissafin hannu kawai.

Amma ido kan ruɗi mai shi: sauya faɗin sandunan zane zai iya tono tozon ƙarya ko binne na gaskiya. Shi ya sa aka fito da ma'aunai. Ma'aunin Sarle yana haɗa karkatar alƙaluma da yawan waɗanda suka yi nisa da tsakiya. In ya haura 0.555, akwai alamar tozo biyu. Sai dai gwani ya san alƙaluman da suka rinjaya gefe guda ma kan haura wannan iyaka, don haka yakan ƙara da gwajin Hartigan na 1985, mai auna tazarar da ke tsakanin alƙaluman da siffa mai tozo ɗaya mafi kusa da su. Ma'aunin Ashman na 1994 kuwa yana duba ko rukunan biyu sun rabu sosai. Ana so ya wuce 2.

Abin burgewa shi ne haƙurin gwanin: ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Manhajar R tana yin wannan lissafi kyauta, amma da sharaɗi: a adana sakamakon kowane manomi daban. Da zarar an dunƙule su a matsakaici, ba ma'aunin da zai iya warware su.