Wace Ce Ta Ɗaya? Kariya Ga Masu Musun Waƙoƙin Shata

Akwai ƙorafin da ya daɗe a bakin wasu 'yan boko, musamman waɗanda suka ɗan zauna a ajin adabi. Wai musun da ake yi a majalisa da teburin mai shayi kan wace waƙar Shata ce ta ɗaya, wace ce ta biyu, hirar marasa aikin yi ce. Hujjarsu ita ce daɗin waƙa abin zuciya ne, kowa da irin kunnensa, saboda haka jera waƙoƙi ba shi da tushe balle makama. Nazarin gaskiya, in ji su, yana cikin kundin digiri, inda ake fito da turke da tubalai da salo, a ajiye kowanne a gurbinsa.

Wannan magana ba ta riƙe ni ba. Duk manazarcin da ya ɗauki alƙalami a kan Mamman Shata, tun daga kundin da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 har zuwa littafin tarihin da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, sai da ya zaɓi waƙoƙin da zai tsaya a kansu ya bar wasu. Zaɓin nan jeri ne. Bambancin kawai shi ne malami yana yin nasa a ɗaki shi kaɗai, mutumin majalisa kuwa yana yin nasa a gaban mutane biyar da ba za su ƙyale shi ya tashi ba sai ya kawo dalili.

A kudancin kogin Kaduna musun nan yana da tsohon gida. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu suka biyo baya, irin su UNTL da Arewa da Nortex, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975. Ga tashar jirgin ƙasa a nan kusa. Aikin ya tara Bakatsine da Basakkwace da Bagwari da Bajju da Tibi da Banufe, kuma Hausa ce harshen da suka haɗu a kai. Mutum ya tashi daga aikin dare, kunnensa na ƙugi da ƙarar injin saƙa, ya zauna wurin mai shayi, rediyo ko rakoda na kunne. Masaƙun sun durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma sun sauya wa unguwanni da yawa mazauna. Musun dai yana nan a Makera da Nasarawa da Kakuri, a bakin kanikawa da direbobin tashar motar Talabijin. Kaset ya wuce, yanzu wurin masu tura waƙa a waya ake zuwa.

Ba mu kaɗai ke wannan al'ada ba. A Birmingham ta Ingila, garin masana'antu irin Kakuri ta da, wasu samari huɗu daga unguwar Aston suka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, kuma su ake ɗauka a matsayin tushen kiɗan hebi metal, mai ƙarar jita da nauyin ganga. Faifansu na biyu, Paranoid, ya fito a 1970 da waƙoƙi takwas. A 2017 mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya cikin faifai 100 na wannan kiɗa. Masoyansa sun shafe sama da shekara hamsin suna jera waƙoƙin nan takwas, kuma rasuwar mawaƙinsu Ozzy Osbourne a Yulin 2025 ba ta kashe gardamar ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta, wadda ta fi kowace shiga rediyo, a gurguje aka haɗa ta don cike gurbi, ko minti uku ba ta kai ba. Waɗanda suka san faifan ciki da bai sukan fifita War Pigs, doguwar waƙa mai kusan minti takwas da ke tsine wa masu kunna wutar yaƙi. A can ma, wanda ya ce waƙar da ta fi shahara ita ce ta ɗaya, ana masa kallon baƙo.

Sai dai namu musun ya fi nasu wuya. Su faifai ɗaya ne a gabansu, ɗauka ɗaya, jeri ɗaya da mawaƙan da kamfani suka tsara. Shata bai san wannan ba. Ba ya zama ya tsara waƙa ya haddace. A filin wasa yake yanka ɗiyanta, don haka waƙa ɗaya tana iya samun ɗauka da dama, wata a gidan rediyo, wata a gidan biki, wata a fada, kuma ba su zama ɗaya ba. Wanda ya haɗa mana "faifan" shi ne mai kaset na kasuwa, wanda ya ga dama ya jera waƙa huɗu a fuska ɗaya, ya guntule ta ƙarshe inda zaren ya ƙare. Shi ya sa a majalisar da ta san abin da take yi, idan ka ambaci waƙa, tambayar farko da za a yi maka ita ce: wace ɗauka? Mutumin da ya iya wannan tambaya ya riga ya shiga nazari, ko bai taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Ba kowane mai jeri nake karewa ba. Akwai mai jera waƙa da girman wanda aka yi wa ita, sarki a sama, direba a ƙasa. Wannan fadanci yake yi, kuma waƙar Bawa Direba kaɗai ta isa ta rushe lissafinsa. Akwai mai jeri da turke: a gaban jama'a sai ya ɗora waƙar yabon Annabi a sama, ya yi kamar bai taɓa jin ta mashaya ba, alhali ita yake gunguni idan ya hau babur. Niyyarsa mai kyau ce, amma halin kansa yake nuna mana, waƙar tana gefe. Na uku shi ne mai ƙirga yawan sa waƙa a shirin zaɓi-sonka. Shi kam ba sai an tanka masa ba.

Wanda nake karewa shi ne wanda zai ce maka waƙa kaza ta fi nauyi, sannan ya buga yatsa a kan benci ya nuna maka inda nauyin yake. Idan ka bi shi a hankali za ka tarar gindin waƙa yake nufi, da yadda kalangu ke ɗauke da shi.

Sai an tuna yadda ƙungiyar Shata ke aiki. Wurin makaɗan fada, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo masu kotso, 'yan amshi abokan gini ne. Jagora zai fara ɗa, su karɓe, su ƙara, su kai shi gida, domin an zauna an shirya. Wurin Shata kuwa aikin 'yan amshi guda ne: su maimaita gindi yadda yake, ba ragi ba ƙari, ko sau nawa ne. Mai kallon takarda zai ce wannan talauci ne. Ga mai saurare, a nan dukiyar take. Tun da gindin ba ya motsi, duk abin da ya motsa a kansa kunne zai kama shi. Shata na iya yanka ɗa gajere, kalma uku ko huɗu, ya sake su su amsa. Ya sake yanka gajere. Sai kunne ya saba, ya fara jiran amshi a wani wuri sananne. A lokacin ne zai ja ɗa mai tsawo, ya wuce inda ake jira, ya jero suna da gari da dangi, ya hana 'yan amshi shiga, kalangu na ta zagaye a ƙasa. Idan ya sake su a ƙarshe, gindin da ka ji sau ashirin sai ya faɗo maka kamar yanzu aka ƙirƙire shi. Wani lokacin kuma akasin haka yake yi: ya faɗa kan amshi tun bai ƙare ba, muryarsa ta hau tasu, kamar maganar ta ci ƙarfinsa. Akwai kuma inda zai yi shiru ɗungurungum, ya bar su su maimaita sau biyu ko uku shi bai ce uffan ba. Shirun nan ba hutu ba ne kawai. A nan mai saurare ke gane ko gindin yana da ƙashi, domin ba abin da ke tallafe shi sai ganga.

Ga kuma kalangun kansa. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, kuma tun da Hausa harshe ne mai hawa da sauka, gangar na iya faɗin gindin da bakinta. A waƙa mai ƙarfi, ko an ɗauke muryoyi duka, ɗan gari zai gane wace ce daga kiɗan kaɗai. A waƙa mai rauni, kalangu rakiya kawai yake yi. Wannan gwaji ne da kowa zai iya yi a majalisa, kuma ana yin sa: wani ya kaɗa da baki, a ce masa ya ci ko ya faɗi.

Masoyan Black Sabbath da wannan ma'auni suke awo, ko da sun ba shi wani suna. Abin da suke fara tunawa a waƙar Iron Man shi ne ɗan gajeren zagayen jita da ke dawowa yana dawowa. Mai jitar, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a injin masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Daga baya ya riƙa sassauta tsirkiyar jitarsa don rage wa yatsun zafi, sautin ya ƙara kauri. Wato can ma sassauta tsirkiya ce ta ƙara nauyi. Ba na cewa injin saƙa ne ya koya wa mutanen Kakuri son kalangu, domin kalangu ya girmi masaƙa nesa ba kusa ba. Amma kunnen da ya wuni cikin sauti mai maimaituwa, wanda albashinsa ya rataya a kan jin ɗan canjin da ke nuna zare ya tsinke, ba kunnen da za a raina ba ne a wannan fage.

Da wannan ma'auni, ni Bakandamiya ba ita ce ta ɗaya a wurina ba. Na san faɗin haka a wasu majalisu daidai yake da neman faɗa. Waƙa ce babba, amma sunanta ya riga ya ci mata rabin zaɓe, kuma mutane da yawa kirarin da mawaƙin ya yi wa kansa suke zaɓa, ba ginin ba. Kumbo Apollo 11 ta burge ne da sabon batu, zuwan mutum wata a 1969, kuma batu yakan tsufa. Ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar tana da kwarjini da natsuwa, ina ajiye ta kusa da sama. Amma Gagarabadau nake ɗorawa a kan kowace. Zambo ce, na sani, ba kuma waƙar da za ka kunna a gaban suruki ba ce. Sai dai a cikinta gindi da ganga da fushin mawaƙi suka zama abu guda, duk dawowar amshi sabon mari ne.

Idan kuma aka buɗe ƙofa aka ce a jera nauyi zalla, ba na Shata kaɗai ba, to kambun ya bar Katsina ya tafi ƙasar Sakkwato. Kiɗan maza, na dambe da tauri da farauta, shi ne ɗan'uwan hebi metal na haƙiƙa a ƙasar Hausa: ganga mai tsuma jiki, zancen jini da kabari, da zargin wuce iyaka daga masu wa'azi. Waƙar Shago ta Ɗan'anace ita ce kan gaba. Mawaƙin da ya kai zugar ɗan dambensa har lahira, ya haɗa shi da Walakiri, bai bar wa samarin Birmingham wani abin tsoratarwa ba. Amma sau nawa ka ji an ba Ɗan'anace ko Kassu Zurmi irin kujerar da ake ba makaɗan fada? Ana musu kallon makaɗan mahauta da 'yan tauri. Majalisar bakin titi ce ba ta taɓa sauke su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Idan gindi da ganga ne ke yanke hukunci, to rabin darajar kowace waƙa ta makaɗa ce da 'yan amshi. Masoyin Black Sabbath zai lissafa maka mutum huɗun nan da abin da kowa ya riƙe. Mu kuwa muna cewa "waƙar Shata" kamar shi kaɗai ya tsaya a fili. An ba shi digirin girmamawa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, sunansa ya zauna daram. Waɗanda suka matse tsarkiya a bayansa shekara da shekaru, matashin da ke da waƙoƙinsa ɗari a waya ba zai iya kawo sunan ko mutum biyu ba. Mai tura waƙa kuma ya ƙara dagula lamarin, domin ɗauka uku na waƙa ɗaya yakan ba su suna ɗaya, ba shekara ba wuri.

Dattawan da za su iya jin kiɗa su ce wannan ɗaukar gidan rediyo ce, waccan ta gidan biki ce, wane ne ke riƙe da babban kalangu, suna nan a Kakuri da Makera, amma suna raguwa. Ɗaliban Hausa da ma'aikatan Rediyon Najeriya Kaduna, inda aka naɗi waƙoƙin makaɗan nan da yawa, su haye gada su zauna da su da rakoda da littafi. A kunna musu ɗauka ɗaya bayan ɗaya, a bar su su yi musunsu, a rubuta sunayen makaɗan da suka ambata.