Rasit a Kunnen Saniya

Tsofaffin makiyayan Babban Duhu, da na rugagen da ke bakin Dajin Rugu daga Safana har Batsari, ba sai an yi musu bayanin bushiya ba. In ta shiga garke sai zazzaɓi, sai hawaye da majina, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya. Kafin mako biyu mai shanu ɗari ya koma daga shi sai sandarsa. Yau babu wannan cuta ko'ina a duniya, tun 2011 aka tabbatar da ƙarewarta. Ita ce ta biyu da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita, bayan agana.

Ana yawan yaba wa Walter Plowright, Baturen Ingila da ya samar da allurar rigakafin, kuma ya cancanta. Ni dai waɗanda suka fi burge ni su ne ma'aikatan da suka iya zaunar da hukumomi na ƙasashe dabam-dabam, kowace da kuɗinta da harshen takardarta, suka sa su kashe kuɗin taimako kamar aljihu ɗaya. Wannan gwaninta ce mai zaman kanta, kuma a Kano aka aza harsashinta.

A 1961 aka yi taro a Kano, aka amince da shirin yaƙi da bushiya da ake kira JP15. A 1962 aka fara aiki a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, da kuɗin Turai da na Amurka, ƙasashen kuma suka zuba nasu da ma'aikatansu. Daga baya shirin ya bazu har ya game ƙasashe 22.

Me ya sa sai an haɗu? Saniya ba ta san Jibiya ce ƙarshen Najeriya ba. Da damina garke ya yi arewa, da rani ya gangaro kudu, inda ciyawa da mashaya suke nan ne ƙasarsa. A ce ma'aikatan Katsina sun fito allura yau, na Maraɗi sai bayan wata uku. Garken da ke Madarumfa lokacin da ake yi a Ruma, ya kuma dawo Ruma lokacin da aka fara a Madarumfa, ya tsere wa kowa ke nan, shi zai riƙe cutar ya raba wa sauran. Wani garken kuwa a yi masa sau biyu, a rubuta shi a littafi biyu, kuɗin saniya ɗaya ya fita sau biyu. A takarda aiki ya yi kyau, a daji an yi aikin baban giwa.

Don haka gwanin wannan aiki da kalanda yake farawa, ba da kuɗi ba. Sai ya san watan da shanu ke taruwa a mashaya, da burtalin da suke bi, da ranar da ardo zai iya tara jama'arsa. Sannan ya koma ofis ya lallashi ma'aji biyu, ɗaya mai rubutu da Turanci ɗaya da Faransanci, su saki kuɗin mai da na ƙanƙara a mako guda. Wanda ya taɓa bin fayil a ofishin gwamnati ɗaya tak ya san nauyin wannan magana. Allurar kuwa ba ta jiran kowa. Ba ta son zafi, a cikin sanyi ake ɗauko ta, in an jiƙa ta da ruwa kuma sa'o'i kaɗan gare ta. Motar da ta makara rabin yini ta mayar da maganin ruwan banza, a tsira wa saniya a tafi ana murna.

Inda dabarar ta fi ƙayatar da ni shi ne kunne. Duk dabbar da aka yi wa allura sai a huda kunnenta da wani ƙarfe mai barin alama, a yi haka shekara uku a jere. Ku duba hikimar: makiyayi bai iya karatun boko ba, malamin dabbobi na wannan gefe ba ya jin Faransanci, na wancan gefe ba ya jin Turanci, takarda kuma tana jiƙewa ko ta ɓata a hanya. Amma kunne yana tafe da saniya duk inda ta sa ƙafa. Mai duba aiki ya tsaya a bakin rijiya ya ƙirga kunnuwa, nan take ya san ko lissafin da aka aika wa masu ba da kuɗi gaskiya ne. Rasit ne da ba a iya rubuta shi a ƙarƙashin fanka.

Kada a manta zamanin jangali ne, duk mai ƙirga shanu abin tsoro ne ga Bafulatani. Ma'aikacin kirki sai ya bi ta hannun hakimi da ardo, ya zauna a kan tabarma ya sha nono, har mutane su yarda allura ce ta kawo shi, ba haraji ba.

Gwanintar ba ta zo cikakkiya rana ɗaya ba. Da JP15 ya ƙare a 1976, an bar wa kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙa allura da kuɗinta, aka yi sakaci. Farkon shekarun 1980 bushiya ta dawo, a 1983 ta yi wa shanun Najeriya mummunar ɓarna. Shirin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ƙaddamar a 1986 ya ɗauki darasi: aka riƙa ɗibar jinin shanu ana gwadawa, a ga ko allurar ta kama. Kunne yana shaidar an tsira, jini yana shaidar maganin da ransa aka tsira shi.

Yau kuɗin raya kiwo bai yanke ba. Bankin Duniya yana da shirin PRAPS tun 2015 a ƙasashen Sahel shida har da Nijar, ban da Najeriya. Najeriya kuma tana da nata, L-PRES, na dala miliyan 500, da aka amince da shi a 2022. Asusu biyu ne, shanun kuwa sau da yawa su ne dai. Ciwon huhun shanu yana nan, annobar awaki da tumaki tana nan, ga kuma rashin tsaron da ya sa shiga Rugu da akwatin allura ya zama sai da shiri da addu'a. Wurin zama ma akwai shi: Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar tana Yamai tun 1971, kuma a 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi sun zauna da takwaransu kan tsaro.

Roƙona ga ma'aikatar kula da dabbobi ta Katsina da takwararta ta Maraɗi shi ne su haɗa ranakun allurarsu, su yarda da alama ɗaya, kowa ya ga littafin ɗan'uwansa, su kuma sa ardon Babban Duhu a zaman tun kafin a raba kuɗin.