Daga Tattaka Ƙasa Zuwa Sarautar Magina

A tsohon tsarin gini na ƙasar Hausa, mutum ba ya shugabantar magina sai ya taɓa kowane mataki na aikin da hannunsa. Yaro kan fara bin mahaifinsa ko kawunsa wurin aiki tun bai iya ɗaukar tulu cike ba. Aikinsa na farko ɗebo ruwa da tattaka ƙasa, kuma a nan ƙafarsa ke koya masa abin da baki ba ya faɗa: wace ƙasa ce mai danƙo, wacce yashi ya yi wa yawa, yawan ciyawar da za a zuba, da kwanakin da za a bar kwaɓin ya tsumu kafin a taɓa shi. Daga nan sai curin tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. In ya ƙara ƙarfi sai ya zama mai miƙo. Magini na zaune a kan bango, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yaro na ƙasa yana cilla masa tubali da curin ƙasa, shi kuwa yana cafewa yana dasawa, yana ja da baya a hankali. Yaron ido yake zubawa. Yana ganin yadda ake fara bango da kauri a gindi, a riƙa rage shi yayin da yake tashi, ba igiya ba ma'auni. Shekaru yake yi a haka kafin maigidansa ya ce masa, "Hau."

Hawa bango ma bai sa an kira shi gwani ba. Gwaninta tana wurin rufi. Azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kusan mita biyu. Duk hikimar soron Hausa daga wannan iyaka ta fito. Don a rufe babban zaure ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba, magina suka ƙware wajen bakan gizo: a dasa azara cikin bango, a karkato ta, a ɗaura wata a kanta, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe, sannan a ƙara gaba, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, a kansa tulluwa ke zama. Mai gaggawa ba ya wannan aiki. Wanda ya ɗora sabon nauyi a kan ɗanyen gini, kansa zai faɗo wa.

A ƙolin wannan tsani akwai Sarkin Magina. Shi ke raba aikin fada da na masallacin Juma'a da ƙofofin gari, shi ke shiga tsakani in magini da mai gida sun saɓa. Mafi shahara a tarihin sana'ar shi ne Babban Gwani na Zariya, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai ɗauke da sunansa. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon gini na siminti, kuma mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Foland, Dmochowski, ya sa aka yi kwaikwayonsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. Mai son sanin iyakar abin da ƙasa da azara za su iya, ya je ya tsaya ƙarƙashin waɗannan bakuna.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda ya ɗaure magini da aikinsa. Ginin ƙasa ba a gama shi a tafi. Kafin kowace damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Wanda ya gina shi ake kira, ko ɗansa. In soro ya yi yoyo, unguwa duka ta san hannun wa ne, kuma da wannan sunan 'ya'yansa za su nemi aiki. Ba takardar yarjejeniya, amma ba wurin ɓuya.

Tsarin yana da aibinsa, kuma bai kamata ƙaunar gargajiya ta rufe mana ido ba. Sana'ar gado ce, don haka yaro mai basira da ba ɗan gida ba yakan tsufa yana miƙo. Gwanaye suna ɓoye sirrin rufi, ba sa rubutawa, wani ya mutu da nasa. Manyan ayyukan sarakuna kuwa, ganuwa da fadoji, da gumin bayi da talakawan da aka tilasta aka yi da yawansu, sunan gwani kaɗai ya rage.

Siminti da kwanon rufi suka zo tare da Turawa, kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya baza su ko'ina, har gidan ƙasa ya zama alamar rashi a idon mutane. Tsanin nan guda sai ya rabu biyu. Ɗaya ya bi ta makaranta: Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin kimiyya da fasaha suna yaye masu zane da injiniyoyi da masu ƙididdigar kayan gini, hukumomi irin su COREN da CORBON suna yi musu rajista. Ɗayan ya tsaya a bakin titi, inda leburori ke taruwa da sassafe da cebur da kwanon kwaɓa suna jiran mai ɗauka. Lebura kan zama birkila, birkila mai sa'a ya zama ɗan ƙaramin ɗan kwangila. Hanyoyin biyu ba safai suke haɗuwa ba. Matashin injiniya ya san lissafin rodi amma bai taɓa riƙe cokalin gini ba, birkilan da ya yi shekara talatin yana aiki kuwa ba shi da takardar da za ta ce ya iya. Shugabancin wurin aiki sai ya faɗa hannun wanda kuɗi ke aljihunsa.

Sakamakon yana bayyane ga duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake buga bulo. Mai aiki ya ce a ƙara yashi don buhu ɗaya ya ba da bulo fiye da ƙima. Birkila ya ɗauki bulon, ya ji gefensa yana marmashewa a tafinsa, ya san ba shi da ƙwari. Da wuya ya yi magana, domin kuɗin yini ake biyansa, gobe wani za a kira. Haka ake rage kaurin rodi, haka ake cire katakon dakin kafin kankare ya kama. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma a watan Yulin 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Wani abin da ke ci mini rai kuma shi ne yadda masu manyan gidaje a Abuja da Kano ke neman masu sa tayil da silin daga Togo da Binin, alhali matasanmu na zaune. Can ba a bar koyon sana'a ƙarƙashin maigida na shekaru ya lalace ba.

A Nijar aka nuna cewa tsohon tsanin bai mutu ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, a 1962, mutanen gari suka ɗora wa wani manomi kuma magini, Falke Barmu, aikin masallacin Juma'arsu. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. Bai tsaya a fasalin farko ba. Ya dawo ya sake rufin da bakuna da tulluwa, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, kowacce da siffarta. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zane na duniya ke nema. Shekara ashirin mutum ɗaya yana komawa kan gini ɗaya yana gyara tunaninsa.

Labarin bai ƙare a Yama ba. Falke Barmu ne ya tsara tsohon masallacin ƙauyen Dandaji, wanda daga baya ya lalace har aka yi tunanin rushe shi. Mariam Issoufou, wadda ta fara da aikin kwamfuta kafin ta koma karatun zanen gini a Amurka ta buɗe ofishinta a Yamai, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. An kammala a 2018. Muhimmin abin shi ne sun nemo maginan da suka yi aikin farko, suka sa su cikin gyaran. Masu digirin suka koyi halin ƙasar wurin daga gare su, su kuma suka koyi sababbin dabarun kare bango daga ruwa.

Irin wannan haɗuwa ba ta fi ƙarfinmu ba. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin gwada ƙwarewar mai sana'a a ba shi shaida ko bai shiga aji ba, sai dai birkilolin da suka san da shi kaɗan ne, kuma ƙungiyoyinsu ne ya kamata su kai su. Sassan zanen gini na jami'o'inmu kuwa, a Zariya da Kano musamman, tsofaffin magina na zaune kusa da su cikin birni, ba a kiransu sai fada na son gyara. Ina ganin bai dace ɗalibi ya karɓi digiri a can ba sai ya yi rani guda yana miƙa wa ɗayansu tubali, a kuma biya tsohon kuɗin koyarwa kamar yadda ake biyan kowane malami.