Don Allah Ku Bar Sifikar Nan a Mota

Duk wanda ke zaune a Abuja ya san yadda safiyar Asabar ta koma. Tun kafin rana ta fito motoci sun jeru a gindin wani dutse, ko Mpape, ko Katampe, ko Dawaki, ko can wajen Ushafa, kowa da takalmin gudu da jakar goyo da gorar ruwa. Ƙungiyoyin hawan dutse sun cika WhatsApp, ranar Alhamis ta yi sai a turo wurin haɗuwa da lokaci da lambar asusu. Zafin Maris da Afrilu ma bai hana su ba, sammako kawai suka ƙara. Ni ma ina cikinsu, ba ni da ja da tafiyar. Abin da ya tsaya mini a wuya guda ne: sifika.

Kun san mutumin. Kowace tawaga tana da nata. Ya ɗaure sifikar Bluetooth a bayan jaka, ya ƙure murya, yana tafe yana rangaji, kai ka ce motar mai tallan maganin basir ce ta ɓace hanya ta hau dutse. Bai tambayi kowa ba. Kiɗan da yake so shi za mu ji tun daga gindi har ƙololuwa, in kuma Allah ya haɗa ku da tawaga mai sifika biyu, to sai dai haƙuri.

Wai me muka fito nema? Mako guda cur muna cikin ƙarar janareta da hon ɗin 'yan tasi da jiniyar manya. Rana ɗaya tak da mutum zai ji wani abu daban, ita ma sai an biyo shi da hayaniyar gari. Da asuba duwatsun nan ba shiru suke ba. Akwai kazar dutse da ke kuka a taron dangi, akwai fakara da ke tashi fir daga cikin ciyawa, akwai hasbiya, wani lokaci har rema za ka hango tana shan hantsi a kan falalen dutse. Duk waɗannan tun daga nesa suke jin mu su gudu. Sai mutum ya sauko yana cewa ai dajin Abuja babu komai a ciki. Ina za a ga komai, alhali kun yi shelar zuwanku tun daga bakin titi?

A bar batun tsuntsaye, a zo kan na rai. Tafiyar dutse da kunne ake yin ta. Na baya ya zame ya ce a tsaya, dole na gaba ya ji. Jagora ya ce a bi hagu akwai santsi, dole na ƙarshe ya ji. Ƙudan zuma kan yi saƙa a kogunan nan, kuma kafin ka gan su ƙugin su kake fara ji, in an bar ka ka ji. Sannan kowa ya san halin da aka shiga a yankin Bwari a farkon 2024, lokacin da sace mutane ya yi ƙamari. Tun daga nan masu shirya tafiya suka ƙara taka-tsantsan, wasu har jami'an tsaro suke ɗauka. To a ɗauki mai gadi, a kuma ɗauki abin da ke sanar da duk dajin inda muke, wannan wace irin dabara ce?

Kuma duwatsun nan suna da masu su. Hanyar da muke bi muna ɗaukar hoto, hanyar gonar wani ce. Za ka haɗu da matar Gwari ta saɓo itace a kafaɗa, da silifas, tana saukowa daga inda mu muke haki da sandunan ƙarfe. Za ka haɗu da yaron Fulani da shanunsa. Da can baƙo in ya ratsa gonar mutane sannu da aiki yake cewa. Yanzu sai mu wuce su da kiɗa, ko kallo babu, shanu su firgita, yaro ya bi su da gudu.

Na kuma lura sifika ba ta tafiya ita kaɗai. Inda duk ta je, ledar fiya wata da robar lemo da takardar tsire na biye da ita, domin tunanin ɗaya ne: an zo biki. Ku dubi tsohon ramin fasa dutse na Mpape. Tun da hotunansa suka bazu a 2020, lokacin korona, ya zama wurin zuwan kowa, shara kuma ta bi sahu. A Usuma ma haka, ga shi kuwa madatsar nan ita ke shayar da birnin.

Abin dariyar shi ne, cikin mutanen nan akwai masu zuwa Zanzibar ko Sharm el-Sheikh su yi nutso da tukunyar iska a baya, su dawo su ishe mu da bidiyo. A can kuwa ladabi kamar ba su ba. Malami ya ce sabon shiga ba ya wuce zurfin mita 18, ba su wuce ba. Ya ce a dakata minti uku a mita biyar kafin a fito, sun dakata. A Ras Muhammad, wanda Masar ta killace tun 1983, an ce kar a taɓa murjani, kar a ciyar da kifi, ba wanda ya yi musu. Abin shaƙar iska na baki, magana sai da yatsu, ba abin da kake ji sai numfashinka. Su dawo suna cewa ba su taɓa samun natsuwa irin wannan ba. Ranka ya daɗe, natsuwar nan akwai ta a Ushafa, ba biza, ba tikitin jirgi. Kai ne kake kashe ta duk Asabar.

Na sani, za a ce kiɗa na ƙara wa mai hawa kuzari. To, ga abin saƙalawa a kunne nan a kasuwar Wuse, ka sa guda, ka bar ɗayan kunnen don jin jagora. Kuma gaskiya, ganin matasa, har da mata a ƙungiya, suna tashi da asuba don motsa jiki maimakon kwana a shagon shisha, abin farin ciki ne. Wannan kam na yarda.

Roƙona ga masu shirya tafiya ƙarami ne. Kuna rubuta a zo da ruwa, a sa takalmi mai kyau, a biya kafin Juma'a. Ku ƙara layi ɗaya: ban da sifika. Wanda ya ga ba zai iya ba, wuraren biki sun yi yawa a Abuja, kuma babu hawa.